Rebranding da franchise: me za a ce a rediyo kafin ƙarfe 4?

Mai Gabatarwa: Jama'a a taimaka, ƙarfe 4 muke da shirin kasuwanci. Batun gidan abincin Mr Bigg's ne, wanda kamfanin UAC ya fara buɗewa a Legas a 1986, daga baya Chicken Republic da KFC da Domino's suka raba masa kasuwa. Me za a kira rebranding da Hausa? Franchise fa?

Ɗan Kwari: Franchise hayar suna ce. Kada ka ce reshe, reshe na uwar kamfani ne. Nan kuwa wani ne ya zuba jarinsa, ya biya kuɗin shiga, yana kuma ba da kaso daga cinikinsa, a ba shi suna da tsarin girki.

Hajiya Edita: Rebranding kuma sabunta tambari.

Ɗan Kwari: Hajiya, tambari ɗaya ne daga ciki. Akwai allon bakin shago, fenti, kujeru, rigunan ma'aikata, kwalayen abinci, har farashi. Yawanci mai hayar ne ke biyan gyaran shagonsa, shi ya sa ake jiran lokacin sabunta yarjejeniya, a gwada a shaguna kaɗan tukuna. In aka yi gaggawa masu ƙaramin ciniki su turje, sai a ga rabi da sabon allo, rabi da tsoho.

Malam Nahawu: Tambari ma gangar sarki ce, 'yan jarida ne suka karkatar da ita. Ku ce saɓa, yadda maciji ke tuɓe tsohuwar fata yana nan macijinsa.

Hajiya Edita: Malam, a gidan abinci? Kuma mai sauraro saɓa alkawari zai ji.

Malam Nahawu: To laifin wa? Kun ƙi koyon karin sauti, kullum sai aro.

Ɗan Damagaram: Kuma duk kalmar da Kano ba ta sa wa hannu ba, ba Hausa ba ce a wurinku.

Mai Gabatarwa: Don Allah, saura awa ɗaya.

Ɗan Kwari: Raba rebranding ɗin gida uku. Gidan abincin Dunkin' Donuts na Amurka ya yar da Donuts daga sunansa a 2019 don ya ja masu shan kofi, wannan sauya kama ce. Domino's kuwa a ƙarshen 2009 girkin kansa ya sake, wannan garambawul. Fenti kawai, abinci yana nan yadda yake, kwaskwarima.

Mai Gabatarwa: Na ɗauki hayar suna da sauya kama.

Malam Nahawu: Sauya kama ta 'yan damfara ce. Amma je ka, a faɗi saɓa ko sau ɗaya ne.