Maganin tsutsar awaki: yana maida kuɗinsa kuwa?

Uwar Biyu: Salamu alaikum. Jajayen awakina a Tibiri sun rame tun shigowar damina, ga zawo, nono ya ragu. Dusa ma da ƙyar nake saye. In ƙara da kuɗin magani?

Ɗan Madarunfa: Hajiya, dusar nan tsutsa kike ciyarwa. Buɗe fatar idonsu. In ciki ya yi fari, jininsu ake sha. Ba su maganin tsutsa albendazol yanzu, ki sake bayan girbi. Kuɗinsa bai kai na ɗan akuya guda ba.

Malam Tsoho: Amma, 'yata, banda mai sabon ciki, yana lalata ɗan tayi. Ki guji na tebur da rana ta gasa a kasuwa. Je wurin likitan dabbobi, ya auna maganin gwargwadon nauyinsu.

Uwar Biyu: Na gode, Baba. Nonon fa, yara su sha?

Malam Tsoho: A dakata kwanakin da likitan ya faɗa.