Tayar maus ɗina tana gudu da yawa a Ubuntu, a taimaka

ɗan_Aboabo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Na sa Ubuntu 22.04 gefen Windows a kwamfutar shagona inda nake wa mutane taifin da firintin, komai lafiya sai tayar maus, in na murza ta sau ɗaya kawai sai shafi ya zura ƙasa ya wuce inda nake karantawa, wani lokacin ma ya koma sama da kansa. Na shiga Settings na duba babu wurin rage gudun taya, gudun kibiya kawai na gani. Maus ɗin mara waya ne, na hannu na saya a Adum, cikin Kumasi. Direba zan sauke ko yaya? Kwastoma na tsaye a kaina ina ta neman layi.

Malam_Asawase:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba sai ka sauke komai ba, direban yana ciki tun farko, libinput sunansa. Kuma idonka bai yi ƙarya ba, GNOME, wato fuskar da Ubuntu ke zuwa da ita, bai da wurin rage gudun taya, wata fuskar mai suna KDE Plasma ce ke da shi in kana kan Wayland, sabon tsarin nuna hoto a allo. Amma fara da wannan: in ka fito daga Windows ka shiga Ubuntu, zare ɗan risiban nan na USB ka mayar. Wasu maus ɗin in Windows ta sa su a yanayin murzawa mai laushi sai su zauna a haka, shi ne tayar ke ninka gudu.

Hajiya_IT:
Abin da Malam ya faɗa haka ne, amma komawa sama da kansa ɗin nan ni ban yarda sofwaya ba ne, ƙura ce. Lokacin hunturu ga shago bakin titi, ƙura na shiga cikin ɗan abin da ke ƙirga juyin tayar. Ka sa libinput-tools ka buɗe Terminal, wurin rubuta umarni, ka rubuta sudo libinput debug-events, ka murza ƙasa a hankali kana kallon lambobin, in alamar ragi tana zuwa tana tafiya alhali hannunka bai canza ba to buɗe maus ɗin ka hure, ka ɗiga sifirit kaɗan ka bari ya bushe.

ɗan_Aboabo:
Malam Allah ya saka da alheri, na zare na mayar gudun ya dawo daidai wallahi. Hajiya tsallen nan yana nan, gobe in sha Allahu zan kwance shi. Wani ya ce min in sa imwheel, manhajar saita tayar maus, yana da amfani?

Malam_Asawase:
Duba tukuna, rubuta echo $XDG_SESSION_TYPE. In ya ce wayland, imwheel da xinput, wata manhajar saita maus, ba za su yi maka abin kirki ba don na Xorg ne, tsohon tsarin nuna hoto a allo, sai dai wurin shiga ka danna ɗan hoton giyan inji da ke ƙasa ka zaɓi Ubuntu on Xorg. Ni dai ba zan ba ka shawarar ba tunda gudu ya gyaru. In a Firefox ne kawai yake damunka rubuta about:config a wurin adireshi, nemo mousewheel.default.delta_multiplier_y, yana kan 100, mai da shi 60 ka gwada.