Yaƙin Iraƙi da fim ɗin The Battle of Algiers: kwatancin ya dace kuwa?

Ɗalibin_Tarihi:
Assalamu alaikum. A watan Agustan 2003 an haska wa jami'an Pentagon, ma'aikatar tsaron Amurka, wannan fim na Gillo Pontecorvo, na 1966, kan yaƙin neman 'yancin Aljeriya daga Faransa a babban birnin ƙasar, Algiers, daidai lokacin da hare-hare suka fara tsananta a Bagadaza. Don Allah masana, darasin Aljeriya ya hau kan Iraƙi, ko kuwa kama da wane ba wane ba ne?

Mai_Taswira:
Wa alaikumus salam. Inda suka haɗu shi ne batun tattara bayanan sirri. FLN, ƙungiyar da ta yi yaƙin 'yancin Aljeriya, ta tsara mutanenta ta yadda kowa ya san mutum uku kacal: wanda ya shigo da shi, da biyun da shi ya shigo da su. Wanda aka kama kuma ana so ya yi gum na awa 24, kafin nan 'yan uwansa sun sauya maɓoya. Saboda haka sojojin laima na Faransa ƙarƙashin Janar Massu, da aka miƙa wa ikon 'yan sanda a Algiers a Janairun 1957, suka koma ga azabtarwa da lantarki da ruwa don su riga agogo. Suka kewaye unguwar Kasba da waya, suka sa wa kowane gida lamba, suka murƙushe yajin aikin kwana 8. Zuwa Oktoba sun tarwatsa maɓoyar Ali La Pointe, ɗaya daga cikin jagororin mayaƙan FLN, ƙungiyar ta karye a birnin.

To amma Paul Teitgen, babban sakataren 'yan sandan birnin, ya ƙidaya mutum 3,024 da suka ɓace a hannun hukuma, ya ajiye aiki. Disambar 1960 jama'a suka cika tituna, 1962 Faransa ta tattara nata ya nata. Amurka ta maimaita kuskuren a Iraƙi: kamen kan mai uwa da wabi cikin dare, hotunan azabtar da fursunoni a kurkukun Abu Ghraib a Afrilun 2004, da sansanin tsare fursunoni na Bucca inda masu tsattsauran ra'ayi suka san juna. Abubakar al-Baghdadi, wanda daga baya ya shugabanci ISIS, ma ya zauna a can a 2004.

Baƙon_Furat:
Malam Mai_Taswira, na yarda da rabi. A Aljeriya ƙungiya ɗaya ce ke jan ragama, da manufa ɗaya, ga Turawa kusan miliyan ɗaya da suka ɗauki ƙasar a matsayin gida. A Iraƙi babu haka. Akwai tsoffin 'yan Ba'as, jam'iyyar Saddam, da mutanen Zarƙawi, jagoran Alƙa'ida a Iraƙi, da Jaishul Mahdi na Muƙtada Sadr, kowa da inda ya dosa. Kuma a ganina Paul Bremer, Ba'amurken da aka naɗa ya gudanar da Iraƙi, shi ne ya hura wutar a Mayun 2003: umarni na 1 ya kori manyan 'yan Ba'as daga aiki, na 2 ya rushe rundunar soja, dubban ɗaruruwan mutanen da suka iya makami suka wayi gari babu albashi. Bayan fasa hubbaren Askari na 'yan Shi'a a Samarra a Fabrairun 2006, abin ya zama yaƙin basasa tsakanin Sunni da Shi'a. Fim ɗin ba shi da amsar wannan.

Gwanin_Majigi:
A yi hattara da ɗaukar fim ɗin tamkar kundin tarihi. Kanar Mathieu, hafsan Faransa a fim ɗin, ƙirƙirarsa aka yi daga halayen hafsoshi da dama. Saadi Yacef, kwamandan FLN a birnin, yana cikin waɗanda suka shirya fim ɗin, ya kuma fito a ciki, shi ya sa ba za ka ga zubar da jinin da aka yi tsakanin FLN da abokiyar hamayyarta MNA ta Messali Hadj ba. Mutuwar Larbi Ben M'hidi, jigo a FLN, da Faransa ta ce rataye kansa ya yi, sai a 2001 Aussaresses, tsohon hafsan sojan Faransa, ya amsa cewa shi ya sa aka kashe shi.

Wani bambancin kuma, Faransa ta kasance a Aljeriya tun 1830, tana da fayil ɗin mutane da 'yan leƙen asiri, sojan Amurka kuwa sai da tafinta. Katangun kankare da ɗaukar hoton yatsu da na ido a Bagadaza a 2007 sun yi kama da shingen Kasba, amma abin da ya fi rage kisa a lardin Anbar shi ne juyawar shugabannin ƙabilu, da biyan mayaƙan Sahwa, wato 'yan ƙabilun Sunni da suka koma bayan Amurka, kimanin dala 300 a wata. Da gwamnatin Firaministan Iraƙi Maliki ta karɓi biyan, ta yi ta jan ƙafa wajen ɗaukarsu aiki, da yawa suka watse tun kafin Mosul ta faɗi a Yunin 2014.