Yarana sun mayar da dare rana, yaya zan yi su motsa jiki?

Maman Abba, Makka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune wajen Shara Mansur da yara biyu da suka tasa, namiji ɗan shekara 13 da yayarsa mai 15. Tun da aka ba da hutun makaranta gidanmu ya birkice. Sai an yi Asuba suke kwanciya, Azahar sai da faɗa, tashi na sosai kuwa sai bayan La'asar. Shi namijin a kan PlayStation yake kwana, ga gwangwanin lemo a gefe, an sha an jefar an ɗauko wani.

Abin da ya tayar mini da hankali, bayan wuyansa da hammatarsa sun yi baƙi, fatar ta yi kauri da laushi kamar karammiski. Kakarsa ta ce dauɗa ce, ta sa soso ta dirje shi har ya yi ƙwalla, bai fita ba. Da na kai shi asibitin unguwa likita ta auna jininsa, ta ce bai kai ga ciwon suga ba tukuna, amma jikinsa ya fara ƙin jin insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukari a cikin jini, lallai ya rage ƙiba ya riƙa motsa jiki.

To a ina? Ɗaki biyu da falo muke da su a hawa na uku. Zafin Makka kun san shi, lungunmu kuma mota ce ke shiga tana fita. Babansu sai dare yake dawowa. Ni a Kano na tashi, mun yi 'yar gala-gala, maza na langa a dandali, kowane aike da ƙafa ake yinsa, ba wanda ya taɓa ce mana ku motsa jiki. Macen ma ta fi ba ni tausayi, don ko ƙofar gida ba ta leƙawa, kullum ƙorafin ciwon baya da kasala. Don Allah wanda ya taɓa fama da irin wannan ya ba ni shawara.

Anti Nas, Jidda

Wa alaikumus salam Maman Abba. Aikin jinya nake yi, kuma wannan baƙin wuyan ina yawan ganinsa a jikin yara masu ƙiba. Ki gode Allah da aka gano da wuri, don yakan dushe idan nauyi ya sauka. A daina dirzarsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar minti 60 a rana na motsin da zai sa numfashinsa ya ɗaga, kuma ba dole a yi shi a haɗe ba. Amma ni da lemon nan zan fara. Gwangwani ɗaya na kola mai mililita 330 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, kusan ƙaramin cokali 9. Ba banza ba gwamnatin nan ta sa wa lemo mai gas harajin kashi 50 cikin 100 a 2017, masu ƙara kuzari kuma kashi 100. Ki daina sayen katan ki ajiye a gida. Ki cika firji da ruwa da laban, wato nono, ki dafa zoɓo da ɗan sukari kaɗan. Sai barci: ɗan shekarunsa na buƙatar awa 8 zuwa 10, kuma ya fi kyau a yi shi da dare. Ki riƙa jawo lokacin kwanciyar baya kaɗan-kaɗan, in kika ce rana ɗaya za ki gyara, rigima kawai za a yi.

Baban Walid, Makka

Hajiya, ina roƙonki abu ɗaya, kada ki ƙwace masa na'urar nan. In kin ƙwace zai tafi gidan aboki ya yi, kin rasa shi biyu. Yaro ɗan 13 ba zai yi gudu don likita ta ce ba, amma zai yi don ƙwallo har ya manta da kansa.

Mu iyaye maza na unguwarmu karo-karo muke yi mu kama filin ƙwallo na haya mai fitila bayan Isha'i, daren Juma'a da na Asabar. Dole babba ɗaya ya tsaya, shi ne alƙalin wasa, shi ke ɗauke da kular ruwa. Ɗana da farko gola kawai yake yarda ya tsaya saboda kunyar tumbinsa, yanzu shi ke tashina mu tafi. A ƙasar da aka hana ma'aikata aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, ba wanda zai ce ki tura yaro waje da rana. Daren da suke farke ɗin za ki ci moriya, sai dai a tashi wasa da wuri, ya dawo a gajiye ya yi wanka ya kwanta. Ki yi wa maigida magana, wannan aikinsa ne, ko dare ɗaya a mako ya ware.

Hajiya Iya, Madina

'Yata, kowa ya yi maganar namijin, ni ta macen zan yi. Tun 2017 aka sa darasin motsa jiki a makarantun 'yan mata na gwamnati, saboda haka babu abin kunya a ciki. Jikokina mata igiyar tsallake na saya musu, suna hawa saman gida bayan Asuba kafin rana ta yi zafi, ina zaune a kujera ina ƙirga musu. Hasken rana ma ƙashinsu na so, don zaman ɗaki cikin esi ba ya barin jiki ya sami bitamin D. Ki sa a auna mata shi, da yawan jininta, tunda tana kukan kasala.

Kuma ke da ke Makka! Ki ɗauke ta ku je ɗawafi a benen sama, da'irar can ta fi faɗi, ga lada ga tafiya. Amma ki tafi da ita da ƙafarki. Yarinya ba ta tashi in uwarta na zaune.

Maman Abba, Makka

Allah Ya saka muku da alheri. Hajiya, maganarki ta shige ni, saman gidanmu a kulle yake amma zan nemi makulli wajen mai gadi. Anti Nas, ya zan yi da kakarsu? Ita ke ba shi riyal biyar a ɓoye ya sauka kanti.

Anti Nas, Jidda

Kada ki yi mata faɗa, so ne ya sa. In za ku koma asibiti ki tafi da Inna, likita ta nuna mata wuyan da kanta ta faɗa mata abin da yake nufi. Sannan ki roƙe ta ta riƙa tara masa kuɗin, ita za ta saya masa takalmin ƙwallo da hannunta.