Hasken garejin gida: LED nawa zan saka, kuma a ina zan ɗaura su?

Ɗan Yantala:
Assalamu alaikum. Garejin gidana mita 6 ne tsawo, 4 faɗi, rufin tol ne ba filafo, tsayinsa kusan mita 3. Dogon kwan neyon guda ne a tsakiya, mai wat 36. In mota na ciki da dare aka ɗaga murfin inji, ba a ganin komai, ga teburin aiki a lungu. Ina so in koma LED. Guda nawa za su isa, kuma tsohon gidan kwan zai yi?

Mai Kuran Bukoki:
Wa'alaikumus salam, Alhaji. Kar ka kalli wat, lumen za ka duba a jikin kwali, shi ne yawan hasken. Ɗakinka mita 24 ne murabba'i. Wurin gyaran mota yana son wajen luks 300, wato lumen 300 a kowace mita murabba'i. 24 sau 300 ya ba da 7,200. Amma kusan rabin hasken bango da ƙura ke shanyewa, sai ka ninka, ya zama wajen 14,000. Dogon LED na santimita 120 mai wat 18 yakan ba da lumen kamar 1,800. Ke nan guda 8, duka wat 144.

Inda za a ɗaura su ya fi yawansu muhimmanci. Na tsakiya rufin mota kawai yake haskawa, shi ya sa kake cikin inuwa. Ka jera uku a dama, uku a hagu, saman hanyar da kake ratsawa tsakanin mota da bango. Na bakwai a gicciye, ɗan gaba da hancin mota, don haske ya shiga ƙarƙashin murfin inji in an ɗaga. Na takwas saman teburi, wajen mita 1 daga samansa, ta gabanka, kada kanka ya yi wa hannunka inuwa. In ka shafe bango da farin fenti, shida ma za su iya ɗaukar aikin.

Injiniya:
Lissafin Malam ya yi daidai. Abin da ke kashe LED a Yamai zafi ne. A Afrilu da Mayu waje yana wuce digiri 40, ƙarƙashin tol kuwa ya fi haka nesa. Ƙwayoyin hasken sukan jure, ƙaramar na'urar da ke cikin kwan ce ke mutuwa: kapasitarta, wato ɗan abin da ke tara wuta a cikinta, ta bushe, haske ya fara ƙyaftawa, sannan ya ɗauke. Saboda haka kar a manna kwan a jikin tol. A rataye shi da sarƙa ko a ɗaura a katako, a bar santimita 30 zuwa 50, iska ta riƙa ratsawa. Mai bayan alminiyam ya fi na roba zalla fitar da zafi.

In ka shiga kasuwar Katako, ka nemi gidan kwan mai murfi da aka rubuta IP65, ƙurar hunturu da ƙwarin damina ba sa shiga. Ka duba kuma ƙarfin wutar da yake ɗauka. Mai 85–265V ya fi mai 220–240V haƙuri in wuta ta yi ƙasa. Launin haske kuma, da K ake auna shi, ni 4000K nake zaɓa. 6500K ya fi yawa a kasuwa, amma farinsa yana gajiyar da ido. CRI, wato ma'aunin yadda kwan ke nuna ainihin launin abu, ya kai 80, in ba haka ba jar waya da mai ruwan ƙasa sai su yi kama.

Malamin Waya:
Kan tsohon gidan kwan, zai yi, amma da gyara. A kashe disjontar, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in ta yi yawa, a gwada a tabbatar babu wuta, a cire balas da sitata, na'urorin da ke kunna kwan neyon. Sannan a karanta jikin sabon kwan: wani faz (wayar da ke kawo wuta) da nutur (wadda ke mayar da ita) a kai ɗaya suke shiga, wani kuma faz a kai ɗaya, nutur a ɗaya kan. In aka haɗa saɓanin haka, ko ya ƙi kamawa ko disjontar ya faɗi.

Waya 1.5 mm² ta tagulla ta isa, cikin bututun roba, da disjontar 10A. A yi mahaɗa da domino, ɗan abin haɗa waya mai sukuru, cikin akwati, ban da murɗe waya a naɗe da sikoc. Gidan kwan ƙarfe a haɗa masa wayar ƙasa, layin kuma ya bi ta difaransiyal 30mA, na'urar da ke yanke wuta in ta zurare zuwa ƙasa ko jikin mutum, tunda gareji wurin ruwa ne da ƙarfe. Makunni biyu: ɗaya na jere, ɗaya na teburi. In an kashe amma kwan yana ɗan haske a duhu, yawanci nutur makunnin ya yanke maimakon faz. A juya su.

Ɗan Yantala:
Na gode, Allah ya saka da alheri. To in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki fa?

Injiniya:
Amin, Alhaji. Ka ƙara LED ɗaya mai 12V, wat 10, saman teburi, kan batir daban da na mota. Bai kai amfiya 1 yake ja ba. Ka sa fiyus 5A kusa da kan batir, waya gajera mai 2.5 mm², kuma wannan layin kar ya shiga bututu ɗaya da na 220V.