Me ya sa bakin likitoci bai zo ɗaya ba a kan kaciyar jarirai?

Baban Yara, Garwa: Salamu alaikum. A nan Garwa wani likita zai ce a yi wa jariri kaciya bayan suna, wani ya ce a bari ya yi wayo, wani kuma ya ce in ba don addini ba babu buƙata. Ba littafi ɗaya suka karanta ba ne?

Malamin Asibiti, Marwa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Littafin ɗaya ne, gidan da kowa ya tashi ne daban. A 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce amfanin kaciyar jariri ya rinjayi haɗarinta, ko da yake ba ta ce a yi wa kowa ba. A 2013 likitoci 38, galibinsu 'yan Turai, suka mayar da martani cewa al'adar Amurka ce ta rinjayi wannan hukunci. Su ma ai a ƙasashensu kaciya baƙuwa ce. Ƙungiyar likitocin Holan ta nuna rashin goyon baya tun 2010. Hujjar lafiya kuwa akwai: raguwar ciwon mafitsara ga jarirai, da gwaje-gwajen Afirka ta Kudu, Kenya da Uganda da suka nuna raguwar kamuwa da ƙanjamau da kusan kashi 60 cikin ɗari ga manyan maza. Likitan da ya tashi ana kai yara wajen wanzami da hunturu, da wanda ya yi karatu a Faransa, kowa da inda zai karkata.

Ungozoma, Kusiri: Alhaji, ra'ayin likita bai kai hannunsa muhimmanci ba. A tambaye shi ya duba ƙofar fitsari tukuna: in tana ƙasan mazakuta, kada a taɓa, domin da fatar da ake yankewa a kaciya ake gyara daga baya. Bakwaini, ko jariri mai shawara ko zazzaɓi, a jira. In a dangin uwa akwai namijin da jininsa ba ya tsayawa, a yi gwaji. A tabbatar an yi wa yaron allurar bitamin K, mai taimaka wa jini ya tsaya, ranar haihuwa. Allurar kashe zafi lidoken ce mara adirenalin, don adirenalin na tsuke jijiyoyin jini. Jariri mai kilo 3 jininsa duka kusan mililita 250 ne kawai, saboda haka tabon jini da ke ta faɗaɗa a kunzugu, a koma asibiti nan take.

Malamin Asibiti, Marwa: Haka ne, Hajiya. In zoben roba na kaciya (Plastibell) aka sa, yakan faɗi da kansa cikin kwana 5 zuwa 8, kada a ja shi. Ya wuce kwana 10, ko ya zame ya shaƙe kan mazakutar, ko yaro ya yi awa 12 bai yi fitsari ba, a kawo shi. Basilin kawai za a shafa. Toka da garin magani su ke jawo ruɓa da sandarewar jiki.