In gwamnati ta kori baƙo, kotu na da ta cewa?

Alhaji Ummaru: Jama'a, ni ra'ayina bai canza ba. Ƙasa kamar gida ce, in maigida ya ce wa baƙo tafi, sai tafiya. Me ya kawo alƙali ciki? Ga halin tsaron da muke ciki a Kebbi, a kama mutum ba takarda, a ce sai an jira kotu?

Barista Hauwa: Baba Alhaji, wa zai tabbatar baƙon ne? Nan gizo ke saƙar. A Janairun 1980 gwamnatin Shagari ta ɗauki Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin Borno, ɗan jam'iyyar adawa ta GNPP, ta tsallakar da shi Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne. Babbar kotun Maiduguri ce ta ce ɗan Najeriya ne, ta soke korar, ta ce a biya shi diyya.

Malam Bello: Abin da ke hana ni barci ke nan. Mu nan Kamba wa ba shi da dangi a Gaya ta Nijar? Mahaifiyata daga Dosso aka auro ta. In bakin jami'i ɗaya ya isa, duk wanda ke jin haushina sai ya nuna ni.

Alhaji Ummaru: Malam, Shugaba Darman ai ɗan ƙasa ne. Ina maganar wanda shi kansa ya san baƙo ne.

Barista Hauwa: Gaskiya ne, sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ɗan ƙasa kaɗai ya hana a kora. Amma sashe na 35 da na 36, kan tsare mutum da jin ta bakinsa, "kowane mutum" suka ce. Yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka kuma, wadda Najeriya ta mayar dokarta, sashenta na 12 ya ce wanda ya shigo bisa ƙa'ida ba a fitar da shi sai bisa doka, ya kuma haramta korar jama'a a dunƙule.

Lawali Direba: Kamar ta 1983 da aka kwashe 'yan Ghana. Su ma sun yi wa namu a 1969. Wallahi talaka ke shan wuyar.

Alhaji Ummaru: To in mugu ne fa, ɗiyata? Kafin lauyoyi su gama ɗage zama ya yi ɓarnarsa.

Barista Hauwa: A tsare shi, Baba, alƙali ya duba hujja, in ta tabbata a fitar da shi. Ba a hana kora ba. Amma dubi 2018: an kama Ayuk Tabe, jagoran 'yan awaren Kamaru, da abokansa a Abuja aka miƙa wa Kamaru. A 2019 babbar kotun tarayya ta ce an saɓa doka, amma mutanen na hannun wata ƙasa, can aka yanke musu ɗaurin rai da rai. Shi ya sa nake cewa kotu ta ji maganar kafin a tsallakar da mutum.

Alhaji Ummaru: In za a sa wa alƙalin wa'adi, yana tsare ana shari'ar, zan saurara. Amma beli ban yarda ba.

Malam Bello: Barista, wanda ba shi da kuɗin lauya fa, wa zai kai ƙararsa kotu a Birnin Kebbi?